Kafso mai kyamara da ake haɗiya don duba hanji: an yi wa Babanmu, ga yadda na gan shi

Tun da labari ya bazu a dangi da unguwa cewa an yi wa Babanmu gwajin nan na kafso mai kyamara, mutane suke ta kira na, wasu ma cewa suke in turo musu lambar wurin su je a duba musu olsa da shi tunda dai ba a zura wa mutum roba ta baki. To bari in faɗa tun daga farko, abin yana da kyau kuma ya yi mana aiki alhamdulillahi, amma wallahi mafi yawan masu kiran nan ba shi suke buƙata ba, kuma duk wanda ya ɗauki kuɗinsa ya tafi ba tare da likitan ciki ya tura shi ba akwai yiwuwar ya zubar da maƙudan kuɗi a banza. Aiki ɗaya ne kafson nan ya fi komai iyawa, wato leƙa ƙaramin hanji, wurin nan mai tsawon kusan mita 6 da ke naɗe a tsakiyar ciki, inda robar da ake zurawa ta baki ba ta kaiwa, wadda ake zurawa ta ƙasa ita ma iyakacinta bakinsa.

Matsalar Baba ƙarancin jini ce da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Mutum ne da ya haura sittin, ba mai son kwanciya ba, amma sai ga shi daga gida zuwa masallacin layinmu a Tudun Wada sai ya tsaya ya huta a hanya, idonsa fari fat, tafin hannu ma haka, bayan gida kuma wani lokaci baƙi ƙirin. An ƙara masa jini, ya ɗan farfaɗo, bayan 'yan watanni PCV ɗin, wato awon yawan jininsa, ya sake sauka. Likitan ciki da ke duba shi a nan Kaduna ya yi masa endoskofi, wato duba ciki da roba mai kyamara ta baki, tumbi lafiya lau sai ɗan ja da bai kai ya kawo ba, ya yi kolonoskofi ta ƙasa nan ma ba a ga komai ba, an duba bayan gida ko akwai tsutsa an kuma ba shi maganinta duk da haka. Sai likitan ya ce mana jinin nan dai yana zuba ne a wani wuri, kuma saura wuri ɗaya da bai gani ba. Shi ya rubuta mana takarda zuwa wani asibitin kuɗi a Abuja, muka bi jirgin ƙasa daga Rigasa.

Shi kafson in ka gan shi a hannu ba za ka ce wani abu ba ne, girmansa kamar ƙwallon dabino mai ɗan kauri, tsawon milimita 26 faɗin 11, santsi gare shi, kai ɗaya gilashi-gilashi ne ana hango ƙananan fitilu farare a ciki. Da nas ta ciro shi daga kwalinsa ya fara walƙiya da kansa, ƙyaf ƙyaf ƙyaf, Baba ya tsaya yana kallonsa a tafin hannu ya ce, "Yanzu 'yar nan wannan abin mai wuta zan haɗiye?" ta ce, "Eh Baba, ku yi bismillah ku kora da ruwa, ba za ku ji komai ba." Haka kuwa aka yi, kurɓa biyu ya wuce, bai ko shaƙe ba. A ciki akwai kyamara, batir, da abin da ke tura hoto waje. Namu irin mai bel ne, an ɗaura masa wani faffaɗan bel a ciki a kan singileti, da 'yar na'ura da ya rataya a kafaɗa a cikin jaka wadda ita ke karɓar hotunan, tana da 'yar fitila da aka ce mu riƙa dubawa, in ta daina ƙyaftawa mu kira su. Kafson yana ɗaukar hoto biyu ko fiye a kowace daƙiƙa, batirinsa yana kai awa 8 zuwa sama, kun ga kenan kafin yamma an tara hotuna sama da dubu 50.

Shirin da ake yi kafin nan shi ne inda nake so mutane su kula sosai, don nan ne kuɗi ke iya tafiya a banza. An ce ya dakatar da ƙwayar ƙarin jini kusan mako guda kafin ranar saboda tana baƙanta hanji kyamara ba za ta ga komai ba, ana gobe kuma ruwa-ruwa kawai zai sha da rana, babu tuwo babu shinkafa babu zoɓo ko wani abu mai ja, aka ba shi maganin wanke ciki, daga dare kuma ya kame baki gaba ɗaya. Bayan ya haɗiya sai da aka yi awa 2 kafin ya sha ruwa, awa 4 kafin ya ci ɗan abu mara nauyi. Dattijanmu kun san su, in ba a tsaya a kansu ba sai su ce ai ɗan koko ba abinci ba ne, to wallahi ɗan kokon nan zai iya rufe wa kyamara ido a daidai wurin da ake nema, kuma kafson ba ya komawa baya ya sake dubawa, in ya wuce ya wuce.

Abin da ya fi burge ni shi ne babu allurar barci, babu kwanciya, babu kakarin amai irin na ranar da aka zura masa roba wanda har yanzu in an tuna masa sai ya girgiza kai. Mun fita mun zauna a masauki, ya yi ta tafiya a hankali a baranda don an ce tafiya tana taimaka wa kafson ya gangara, azahar da la'asar a zaune ya yi su saboda sun ce ya rage sunkuyawa kada bel ɗin ya goce, alwala kuma ni na riƙe masa jakar kada ruwa ya taɓa ta. Da yamma muka koma suka cire kayansu. Ta wannan ɓangaren gaskiya ba ni da abin cewa sai yabo.

Amma akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba a wurin, kuma zan faɗe su don wani ya shirya. Na farko kuɗin da aka gaya mana a waya ba shi muka tarar ba, muna zuwa aka ce kafson daban, kuɗin karanta hoto daban, kuɗin buɗe kati da ganin likita daban, maganin wanke ciki ma mu muka saya, kuma an ce dala ta motsa tun bayan da muka yi magana. Ba na cewa ƙarya suka yi, amma mutumin da ya taso daga wani gari da kuɗi a ƙirge ai ya kamata a gaya masa komai dunƙule. In an haɗa da jirgi da masauki da abinci, abin ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 sau da yawa, sai da mu 'ya'yansa muka yi karo-karo, ƙanwata da ke aure a Kawo har adashinta ta ɗauka kafin lokacin da ta so. Na biyu, wanda ya fi damuna, babu wanda ya zaunar da mu ya yi mana bayanin cewa kafson zai iya maƙalewa a hanji sai da ni na tambaya, saboda likitanmu na Kaduna ya riga ya ja mini kunne. Takarda kawai aka miƙo aka ce a sa hannu, da Turanci, ga dattijon da karatunsa na allo ne da ɗan yaƙi da jahilci. Wannan bai dace ba ko kaɗan.

Don maganar maƙalewar nan ba wasa ba ce. Ba kasafai take faruwa ba, kusan mutum 1 zuwa 2 ne cikin 100, amma ga wanda hanjinsa ya tsuke a wani wuri haɗarin ya fi haka, misali mai cutar Crohn, wadda ke sa hanji kumburi da gyambo na dogon lokaci, ko wanda aka taɓa yi wa tiyatar hanji, ko mai tibin hanji wanda mu a nan ba baƙon abu ba ne, ko wanda ya daɗe yana shan magungunan ciwon jiki masu ƙarfi. In ya yi mako 2 bai fita ba ana ɗaukar ya maƙale, wani sai an bi shi da roba an ciro, wani ma sai an kai ga tiyata. Akwai wani kafson gwaji da ake fara bayarwa ga masu irin wannan haɗarin, girmansu ɗaya amma shi ba kyamara a ciki kuma in ya tsaya yana narkewa da kansa bayan kamar awa 30, in ya fita lafiya ƙalau sai a ba da na gasken. Ku tambaya ko suna da shi kafin ku biya ko sisi. Mai ciki ba a ba ta, mai na'urar bugun zuciya a ƙirji dole ya faɗa, mai wahalar haɗiya shi ma ya faɗa don akwai yadda ake saka shi da roba, mai ciwon suga kuma tumbinsa kan yi jinkirin sakin abu, kafson zai iya zama a nan har batir ya ƙare bai gama zaga hanji ba, shi ya sa yake da kyau su duba a allo bayan ɗan lokaci su tabbatar ya bar tumbi kafin su sallame ku. Sannan ba a shiga na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, sai an tabbatar ya fita daga jiki, wannan a rubuta a ajiye.

Tabbatar da fitar ma wani aiki ne da ba a gaya wa mutanenmu yadda za su yi. Yawanci yana fita cikin kwana ɗaya zuwa uku tare da bayan gida ba tare da mutum ya ji ba, to in gidanku masai ne na rami ta ina za ka gani? Mu fo muka saya wa Baba, bai so ba don abu ne na kunya ga dattijo, amma Hajiya ta lallaɓa shi, kuma an gan shi ya fita, hankalin kowa ya kwanta. Wanda bai gani ba sai a yi masa hoton eksre na ciki a duba. Ba a wanke shi a mayar, sau ɗaya ake amfani da shi shikenan, kuma wannan na cikin abin da ya sa yake da tsada.

Sakamako ya ɗauki lokaci fiye da yadda suka ce, sai da na yi ta bugun waya, daga baya na gane likitan da ke karanta bidiyon ba kullum yake zuwa wurin ba. Amma da ya fito ya biya. An ga ƙananan gyambuna da dama a ƙaramin hanji, a hoton za ka ga ɗan fari a tsakiya ja ya zagaye shi, ɗaya har da alamar jini a gefensa. Da muka kawo wa likitanmu ya kalli Baba ya ce, "Baba, wane magani kuke sha na ciwon gwiwa?" Ashe shekara da shekaru Baba yana karɓar haɗin nan na kemis da ake ƙullawa a leda, maganin gajiya, a ciki akwai diclofenac da ibuprofen wani lokaci har da piroxicam, safe da dare, kuma da aka tambaye shi a baya ko yana shan magani ya ce a'a don shi a wurinsa wannan ba maganin asibiti ba ne. Irin waɗannan magungunan, har da asfirin, ba tumbi kaɗai suke ci ba, suna yi wa ƙaramin hanji rauni ya riƙa tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan. Aka hana shi su kwata-kwata, aka mayar da shi kan farasitamol da na shafawa, aka ci gaba da maganin ƙarin jini, kuma tun daga nan ba a sake ƙara masa jini ba. Dan Allah duk mai dattijo a gida ya buɗe aljihun rigarsa da ƙarƙashin matashinsa ya ga me yake sha, wannan abin ya yi yawa a garin nan, masu facin taya, 'yan dako a Kasuwar Barci, direbobi a Mando, kowa da ƙullinsa.

Yanzu ga masu cewa za su je a duba musu olsa da shi. Kafson nan ido ne kawai, ba shi da hannu. Ba ya iya gutsuro nama a kai gwaji, ba ya iya tsayar da jini, ba ya cire tsiro, ba ya hura iska ya buɗe tumbi a ga lungu-lungu, likita kuma ba ya iya juya shi, motsin hanji ne ke tafiya da shi. Endoskofi na roba duk yana yin waɗannan, ga shi ya fi araha nesa ba kusa ba kuma ana yin sa a nan Kaduna da Zariya da Kano. Mai zafin ƙirji da ciwon saman ciki, abin da ya fi dacewa da shi gwajin ƙwayar cutar H. pylori mai jawo olsa ne da endoskofi in likita ya ga da buƙata. Mai ganin jan jini a bayan gida yana cewa basir ne, shi kolonoskofi ya kamata ya yi musamman in shekaru sun ja, don kansar babban hanji tana ɓuya a bayan sunan basir. Ko da kafson ya gano wani abu, in tsiro ne ko jijiyar da ke zubar da jini, sai an sake bin sa da wata doguwar roba mai balan-balan wadda wani likitan Japan, Hironori Yamamoto, ya ƙirƙiro a 2001, ko kuma a yi tiyata. Wato ka biya na gani, ka dawo ka biya na gyara. Mu Allah ya taimake mu namu na daina shan magani ne kawai.

Na ɗan bi diddigin kasuwar abin saboda ina so in san me ya sa kuɗin ya kai haka. Asalinsa wani injiniya ne ɗan Isra'ila, Gavriel Iddan, wanda aikinsa na kyamarar makamai ne, ya haɗa kai da wani likitan ciki na Landan, Paul Swain, kamfanin Given Imaging ya fitar da shi, hukumar FDA mai kula da magunguna da kayan asibiti ta Amurka ta amince da shi a 2001, shi ne wanda aka sani da PillCam. A 2014 kamfanin Covidien ya sayi Given Imaging a kan kusan dala miliyan 860, a 2015 kuma Medtronic ya haɗiye Covidien ɗin, don haka yanzu PillCam na Medtronic ne. Amma ba su kaɗai ba ne a fagen, akwai EndoCapsule na Olympus daga Japan, MiroCam na IntroMedic daga Koriya ta Kudu, OMOM na Jinshan daga Chongqing a Chaina, sai CapsoCam na Amurka wanda shi kyamara huɗu gare shi a gefe yana ɗaukar hoto zagaye kuma ba ya buƙatar bel, a cikinsa yake adana hotunan, sai dai dole ka tsamo shi daga bayan gida ka mayar musu, in ya faɗa rami kuɗinka sun bi shi. Akwai kuma NaviCam da ake jan sa da maganaɗisu daga waje don a duba tumbi, da wani PillCam ɗin mai kyamara biyu na babban hanji wanda hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta fara gwada shi a kan mutum dubu 11 a 2021. Duk cikinsu babu wanda ake ƙerawa a nan, da dala ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya san yadda kayan asibiti suka koma. Ga shi kafson yana da ranar lalacewa saboda batir, asibiti ba zai tara da yawa ba in masu yi kaɗan ne, wani lokaci sai ka biya sannan a yi odarsa.

A ganina sunan kamfanin ba shi ne abin dubawa na farko ba, wanda zai zauna ya kalli bidiyon shi ne komai. Hoto dubu 50 ne, ciwon kuma wataƙila a hoto biyu ko uku kawai ya bayyana, in mai karantawa yana sauri ko bai saba ba zai wuce shi ya rubuta maka lafiya lau, kai kuma ka dawo gida kana murna jini na ci gaba da zuba. Sababbin manhajojin suna taimakawa wajen ware hotunan da ake zargi, amma har yanzu idon ƙwararre ake bi. Don haka ku tambaya kai tsaye, waye zai karanta, likitan ciki ne, ya saba yi, kwana nawa sakamako zai ɗauka, in batir ya ƙare kafson bai kai babban hanji ba ko hoto bai fito ba waye zai biya na biyu, kuma ku ce a rubuta muku jimillar kuɗin gaba ɗaya a turo ta WhatsApp kafin ku hau jirgi. Masu inshora ta NHIA ko KADCHMA ta jiha su fara zuwa ofis su ji matsayinsu tukuna kada su je da zato.

Abin da ke ci mini rai shi ne na san akwai irin Baba da yawa a asibitocinmu, ana ƙara musu jini leda bayan leda, 'yan uwa suna ta neman masu bayarwa, an yi gwajin sama an yi na ƙasa ba a ga komai ba, daga nan sai a fara cewa sammu ne ko iska, a koma gida a kama jiƙe-jiƙe. In ka lissafa kuɗin jini da gado da zirga-zirgar da muka yi kafin a kai ga kafson, ba su da nisa da kuɗin kafson kansa. Da manyan asibitocin koyarwa na yankin nan za su riƙa saye da yawa a dunƙule a kuma horar da likitoci biyu uku kan karatun, farashin zai sauko ya zo inda ma'aikaci zai iya, don na'urar karɓar hoton da kwamfutar sau ɗaya ake saye, kafson ne kawai ake canzawa.

Abu na ƙarshe, kada ku baro wurin da takarda mai hoto huɗu kawai. Ku tafi da filashi ku ce a zuba muku bidiyon gaba ɗaya, haƙƙinku ne tunda kun biya. Mu sai da na nace kafin suka ba mu, kuma da muka dawo likitanmu ya buƙace shi don yana so ya duba ƙarshen ƙaramin hanjin da kansa ya tabbatar ba alamar tibi ko Crohn kafin ya tsayar da magana a kan magungunan kemis ɗin.